Me aka kafa a kan gicciye?

A garin Tawa na sha jin masu bi suna cewa ayar Kolosiyawa 2:14 a Littafi Mai Tsarki ta nuna an gicciye Dokoki Goma tare da Yesu, kowa ya yi abin da ya ga dama, alherin Allah ya rufe zunubi. Ba haka ba ne. Kalmar Helenanci da manzo Bulus ya yi amfani da ita a ayar don abin da aka kafa a kan gicciye tana nufin takardar bashi wadda mai cin bashi ya rubuta da hannunsa. Kamar ɗan tireda ne ya buɗe littafinsa, ya soke sunanka da kuɗin shinkafa jaka ashirin da ake binka. Bashin ya tafi, amma sata a shagon tana nan haramun. Bulus ɗin ne kuma, a Romawa 3:31, ya ce bangaskiya tana tabbatar da shari'a, wato dokokin Allah.