Volkswagen Beetle da Golf ta farko

Beetle da Golf ƙananan motoci ne na kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus, ɗaya ce ta gaji ɗaya, amma in ka buɗe su ka duba kusan babu abin da ya haɗa su sai tambarin kamfani.

Beetle ce babba a shekaru. Ferdinand Porsche ne ya zana ta bayan da Hitler ya nemi a ƙera motar da talaka zai iya saye, aka aza harsashin masana'antarta a 1938 a garin da yanzu ake kira Wolfsburg, sai kuma yaƙin duniya na biyu ya ɓarke masana'antar ta koma ƙera motocin soja, ba a fara fitar da ita da yawa ba sai ƙarshen 1945 a ƙarƙashin sojojin Birtaniya. Injinta a baya yake, silinda huɗu, kuma iska ce ke sanyaya shi, wato ba ta da lagireto kwata-kwata, ba ruwanka da neman ruwa a hanya. Fanka ce ke hura wa injin iska, shi ya sa in fanbel ya tsinke dole direba ya tsaya nan take, in ba haka ba injin ya buga. Tankin mai da but a gaba suke, batir kuwa ƙarƙashin kujerar baya. Bakanike ya sauke injin gaba ɗaya ba wani aiki ba ne, wannan sauƙin gyaran ne ya sa ta daɗe. An haɗa ta a Legas daga 1975, ta ƙarshe kuma ta fito a Puebla ta ƙasar Meziko ranar 30 ga Yuli 2003, bayan an ƙera sama da miliyan 21.

To amma tana da ƙara, cikinta a matse yake, kuma nauyi ya taru a baya, a kwana mai kaifi sai direba ya yi hattara. Zuwa farkon shekarun 1970 kasuwarta ta fara ja da baya a Turai da Amurka.

Nan Golf ta shigo a 1974. Ɗan Italiya Giorgetto Giugiaro ne ya zana ta, ya watsar da zagayen nan na Beetle ya yi ta mai kusurwoyi. An maida injin gaba an kwantar da shi a gicciye, ruwa ke sanyaya shi, tayoyin gaba ke jan motar, ga ƙofa a baya da ake ɗagawa a loda kaya. Tsawonta kusan mita 3.7 ne, Beetle kuwa ta ɗan haura mita 4, amma duk da haka Golf ta fi ta fili a ciki nesa ba kusa ba, wannan kam shi ne babban bambancin ga mai iyali. A 1976 aka fitar da GTI, wato nau'in Golf mai gudu, mai ƙarfin doki 110, da kuma mai shan dizal. A Amurka Rabbit aka sa wa Golf ta farko suna.

Samfuri na biyu ya maye gurbinta a 1983, sai dai Afirka ta Kudu ta ci gaba da ƙera tsohuwar da sunan Citi Golf har 2009. Golf ɗin da ake lodin fasinja da su a tashoshin arewacin Najeriya yawanci samfuran baya ne da aka shigo da su na hannu daga Turai. A 2002 adadin Golf da aka ƙera ya zarce na Beetle.