Hawan igiyar ruwa a duwatsun Ngor: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Duk shekara da watan Nuwamba ya kama, igiyar arewa ta fara dukan gaɓar Ngor, wata unguwa a birnin Dakar na Senegal, sai wayata ta daina hutawa. Ɗalibanmu da ke karatu a nan, da 'yan kasuwar da suka zo na mako biyu suka ga yara na tsere a kan allon hawan igiyar ruwa, kowa tambayarsa guda da ta ɗan'uwansa. Na amsa har bakina ya gaji. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambayata abin da ke nan, shiru zai ji.

Yaya ruwan zai kasance a ƙarshen makon nan?

Ba zan faɗa ba. Hasashen da ya wuce kwana uku yakan canja, musamman na iska. Ka duba ranar Alhamis, ka sake dubawa daren Juma'a, sannan ka je da asuba ka gani da idonka.

Ban taɓa hawa ba. Zan iya farawa a Ngor?

A'a. Ka tafi Yof, can yashi ne a ƙasa.

Me ya bambanta wurin duwatsu da wurin yashi?

Yashi yana yawo, yau igiya ta fashe nan, gobe can. Dutse kuwa yana inda Allah ya ajiye shi, don haka igiyar tana fashewa a wuri guda kullum, da siffa guda, shi ya sa gwanaye ke son ta. Sai dai idan ka faɗi, dutsen ne zai tare ka. Na Ngor baƙin dutse ne irin na aman wuta, kuma bushiyar teku ta yi masa ƙawanya.

Me ake nufi da "dama ta Ngor"?

Kana kan allo, fuskarka na kallon tudu, igiyar na kai ka hannun dama. Shi ke nan. Tana fashewa ne a gefe ɗaya na ɗan tsibirin da ke gaban Ngor, akwai kuma ta hagu a ɗaya ɓarin. Wani fim ɗin Amurkawa na shekarun 1960 ne ya fito da sunan wurin a duniya, amma Lebu masunta suna fama da ruwan nan tun kafin a san kyamara.

Wace manhajar hasashen igiya ce ta fi gaskiya?

Windguru, Windy, Surfline, duk na gwada. Lissafin kwamfuta ne na tsakiyar teku, ba ɗayansu da ya san dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ka riƙe ɗaya ka saba da irin kuskurenta. Idan kuwa ANACIM, hukumar yanayi ta Senegal, ta gargaɗi masunta cewa kada su fita saboda igiya mai haɗari, to kai wane ne? Mutanen da aka haifa a cikin kwale-kwale sun ja nasu sun ɗaure, kai kana shafa wa allo kaki.

Lambobi uku nake gani. Wacce ce wacce?

Tsawon igiya da mita, tazara da daƙiƙa, sai inda ta fito. Kowa mita yake kallo, alhali tazarar ce uwar tafiya. Tazara ita ce lokacin da ke tsakanin wucewar igiya ɗaya da mai bi mata. Igiya mai tazarar daƙiƙa 8, nisan da ke tsakanin ƙololuwarta da na mai biye a ruwa mai zurfi wajen mita 100 ne. Mai daƙiƙa 14 ta haura mita 300. Ta farkon iskar kusa ce ta tayar da ita, a hargitse take, ba nauyi. Ta biyun guguwa ce ta haife ta can arewacin Atilantika, ta yi kwana uku ko huɗu tana tafe, ta jera kanta kamar ayari, kuma ƙarfinta ya kai har ƙasa. Da ta ji dutse sai ta miƙe tsaye. Saboda haka mita ɗaya mai daƙiƙa 14 tana iya fin mita ɗaya da rabi mai daƙiƙa 8 girma da duka idan ta fashe.

Abu ɗaya kuma da ba ku so ku ji: lambar mita ɗin nan matsakaicin kashi ɗaya bisa uku ne na igiyoyin da suka fi tsawo. Jefi-jefi akan samu wadda ta kusa ninka ta.

Ruwan da sanyi? Ai Afirka ce.

Da sanyi. Daga Janairu zuwa Maris yakan sauko wajen digiri 20, har ƙasa da haka, domin iskar arewa tana kore ruwan sama, na ƙasa mai sanyi ya taso. Ka nemi rigar roba. Da damina ruwan ɗumi ne, gajeren wando ma ya isa.

Hasashe ya ce gobe mita ɗaya da rabi, daƙiƙa 13 zuwa 14, daga arewa maso yamma, iska daga arewa not 15, ruwa zai gama janyewa ƙarfe takwas na safe. In je Ngor ko in zagaya kudu?

Yauwa. Wannan ne ya yi tambaya, don haka zan zauna da shi.

Ka fara da taswira. Dakar na zaune a kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, bakinsa shi ne Almadi, ƙarshen nahiyar Afirka ta yamma. Fuska biyu gare shi. Ngor da Yof suna kallon arewa, su ke karɓar igiyar arewa kai tsaye. Wakam da ƙananan wuraren da ke gefen Almadi na kudu sun juya mata baya. Iskar da aka fi samu a nan daga Nuwamba har wajen Mayu ta arewa ce ko arewa maso gabas. A Ngor iskar nan daga teku take zuwa, tana tura igiyar daga baya, ta rushe ta kafin ta gama tsayuwa. A gefen kudu kuwa iskar dai ita ce, amma daga tudu take fitowa, tana bugun fuskar igiyar, ta riƙe ta, ta goge ta sumul. Matsalar rani a Dakar ke nan: inda igiya take ba can iska ta yi kyau ba.

Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, don haka not 15 ya kusa kilomita 28. Wannan ba ƙaramar iska ba ce. A ganina, idan da gaske tun safe za ta kai haka, Ngor za ta yi girma amma fuskar ruwan duk ƙulle-ƙulle. Gwani zai hau, ba lallai ya ji daɗi ba. Sai dai sau da yawa iskar takan kwanta da dare, ta tashi bayan hantsi. Ka duba hasashen awa-awa, kada ka tsaya a lambar yini. Idan da asuba not 5 ne ko 6, kana da taga, wato lokacin da za ka iya shiga ruwa, ta awa biyu, wataƙila uku.

To ga inda abin ya cuɗe. Tagar taka ta faɗo daidai lokacin da ruwa ya janye. Bambancin cika da janyewa a Dakar ba shi da yawa, da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi, amma a kan dutse ko rabin mita ma magana ce. Igiya tana fashewa ne idan tsawonta ya kai kusan kashi huɗu bisa biyar na zurfin ruwan da ke ƙarƙashinta. Ruwa ya ragu, fashewar ta ƙara sauri da rami, dutsen kuma ya matso kusa da bayanka. Sannan ka dubi wata. Idan kwanakin tsayuwar wata ne ko daren sha huɗu, cikar ta fi cika, janyewar ta fi janyewa. Idan wata na rabi ne, bakwai ga wata ko ashirin da biyu, bambancin kaɗan ne, janyewar ba ta da ban tsoro sosai. Mu da muke lissafi da watan Musulunci wannan bai kamata ya ba mu wuya ba.

Gefen kudu fa? Ya danganta. Igiyar arewa sai ta lanƙwaso ta bayan Almadi kafin ta isa can, kuma a lanƙwasar tana zubar da ƙarfi. Mai doguwar tazara ta fi iya lanƙwasa, don haka daƙiƙa 14 na gefenka. Amma mita ɗaya da rabi na iya isa can ta koma daidai gwiwa. Idan ta fi karkata yamma, za ta shiga da sauran ƙarfinta. Idan ta fi karkata arewa, kana iya tarar da ruwa lumui kamar tafki, iska mai kyau, ba abin hawa. Wakam kuwa, wadda ke gaban masallacin nan mai hasumiya biyu a gindin tudun Mamel, mai yanga ce. Tana son igiya babba, kuma ta fi amsa ta kudu. Ranar da ta tashi ba ta da na biyu a garin nan, amma ranakun ba su da yawa, kuma ba wurin koyo ba ne.

Da ni ne, ga abin da zan yi, kuma ban ce dole haka ne daidai ba. Zan yi sallar asuba, in isa bakin ruwan Ngor gari na wayewa, in zauna minti ashirin cur ina kallo. Igiya mai doguwar tazara ayari-ayari take zuwa, tsakanin ayari da ayari ruwan yakan yi shiru har ka ce ba komai. Shirun nan ya yaudari mutane da yawa, ni ma ya taɓa yaudarata: na duba minti biyar na shiga, ayari na farko ya fizge min allo, na fito ina ɗingishi da ƙaya goma sha a tafin ƙafa. Ka ƙirga igiya nawa ke cikin ayari, ka ga inda mafi girma ke fashewa, ka ga ta ina 'yan gari ke shiga. Idan iska ta kwanta kuma ka saba da wurin, ka jira ruwa ya fara dawowa, ko da awa ɗaya ne, ka shiga. Idan tutocin kwale-kwale sun riga sun miƙe suna kaɗawa, ka hau mota ka zagaya kudu, tafiyar mintuna ce. Idan can ma babu, ka sha shayi ka koma gida. Idan kuwa wannan ne karonka na farko a kan dutse, duk bayanin nan ba naka ba ne, lambobin da ka karanto sun fi ƙarfinka.

Hunturu na taimakawa?

Wani lokaci. Iskar da ke busar mana da leɓe a Kano da Damagaram ita ce ke isowa nan daga Sahara. Idan ta juya sosai ta koma ta gabas, gefen kudu da yamma sukan yi kyau, Ngor ma takan ɗan samu sauƙi. Illarta hazo: ba ka hango ayari sai ya zo kusa.

Sai na sa takalmin roba? Na ga yaran gari ba sa sawa.

Yaran gari a kan duwatsun nan suka koyi tafiya. Daga unguwannin nan gwanayen hawan igiya Khadjou Sambe da Cherif Fall suka fito har duniya ta san su. Kai jiya ka zo. Sa takalmi.

Ƙaya ta shige ni. In tona da allura?

Kada ka yi ta haƙa, karyewa take yi kamar alli. Ka jiƙa ƙafar a ruwan zafi daidai wanda fata za ta jure, ka cire wadda ta leƙo da hantsaki, ka wanke da sabulu. Wadda ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja, asibiti. Ka tabbata allurar tetanus ɗinka ba ta tsufa ba. Kwantar da hankalinka, kusan kowa a nan ya sha wannan, kuma ga mu muna tafiya.

Yaya zan faɗi?

A shimfiɗe, kamar ganye. Ban da kai a gaba, ban da dira da ƙafa a miƙe. Hannu biyu a ka kafin ka ɗago, don allonka na nan sama yana nemanka.

Jiya ruwa ya cika ƙarfe goma. Yau ma haka?

A'a. Kullum yana jinkirta wajen minti 50. Sau biyu yake cika a yini. Jadawalin kyauta ne a wayarka, haba.

Da damina fa?

Labari ya juya. Daga wajen Mayu zuwa Oktoba igiyar kudancin Atilantika ce ke zuwa, gefen kudu ya farka. Iska ba ta da tabbas, amma ta fi sauƙi. Bayan ruwan sama mai yawa ka ba teku kwana biyu ko uku, duk abin da kwatar gari ta kwaso can yake ƙarewa, kuma ka san kana da yanka a ƙafa.

Wani ya yi min tsawa a cikin ruwa. Me na yi?

Ka shiga gabansa. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara fashewa shi ke da ita. A wurin yashi akan watsu, a kan dutse kuwa kowa wuri ɗaya yake jira, don haka layi ne. Ka yi sallama idan ka iso, ka zauna a gefe, ka bar ayari biyu su wuce. Za su ba ka taka.

Zan iya iyo daga gaɓa zuwa tsibirin in huta da kuɗin kwale-kwale?

Wasu na yi a kan allo. Akwai jan ruwa a mashigar, ga kwale-kwale masu inji na kai da kawowa. Ka biya kuɗin.