Hanyoyin lardin British Columbia: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

'Yan'uwa sababbin zuwa yammacin Kanada, tambayoyinku iri ɗaya ne kullum. Ga amsa a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Me ya sa hanyar lardin nan duk kwana-kwana ce?

Duwatsu. Ku buɗe taswira ku gani.

Wa ya fara gina babbar hanya?

Zinare ne ya jawo ta. Da aka gano shi a yankin Cariboo, Gwamna James Douglas ya sa aka soma hanyar keken dawaki a 1862, daga Yale, aka bi kwazazzabon kogin Fraser har Barkerville a 1865, kusan kilomita 650. A wasu wuraren dutse aka fasa, a wasu kuma katako aka kafa a jikin dutsen, kogi na gudu a ƙasa. 'Yan asalin ƙasar sun riga kowa bin wannan kwazazzabo tun kafin Bature ya zo, kada a manta da wannan.

Da gaske an kai raƙuma?

Gaskiya ne. A 1862 an kawo raƙuma 23 masu tozo biyu don dakon kaya. Duwatsu suka yayyanka musu ƙafa, dawakai da alfadarai kuma suna firgita da warinsu, aka watsar da shirin.

Da hannun hagu ake tuƙi?

A'a, dama. Sun bar hagu gaba ɗaya a farkon 1922, shekara 50 kafin Najeriya.

Zan iya tuƙa motata daga Vancouver zuwa Calgary da hunturu?

Wannan ita ce tambayar da ke hana ni barci, don haka a saurara. Za ka iya, amma ya danganta da motar, da ranar, da kai kanka. Doka ta wajabta tayar hunturu a hanyoyin tsaunuka daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, kuma zanen tayar kada ya gaza milimita 3.5. Doka ta amince da taya mai alamar M+S, sai dai ni shawarata ka sayi mai hoton tsauni da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefenta, ko da ta fi tsada. Idan ka bi babbar hanyar Coquihalla, wadda aka buɗe a 1986 tsakanin garuruwan Hope da Merritt, za ka hau har mita 1,244. Kana iya barin Hope ana yayyafi, kafin awa guda ka tarar fari fat, tireloli sun jeru a gefe direbobi na ɗaura wa tayoyi sarƙa. Gaba kuma akwai Rogers Pass, wata mashiga tsakanin tsaunuka, inda Firaminista John Diefenbaker ya buɗe hanyar Trans-Canada a 1962. Har yau sojojin Kanada na harba igwa a tsaunukan wurin don su zubo da dusar ƙanƙara da gangan kafin ta rufto wa matafiya, kuma yayin nan ana rufe hanya, wani lokaci na awanni. To, idan wannan ne hunturunka na farko, ban ba ka shawara ba. Idan kuwa ya zama dole, ka duba shafin DriveBC mai nuna halin da hanyoyi ke ciki da safe, ka cika tanki, ka ɗauki bargo da ruwa da abinci, ka yi tafiyar da rana. A gangare ka sauko da ƙaramar giya, kada ka danne birki. In an yi gargaɗin guguwa, ka kwana a Kamloops ko Revelstoke. Babu abin kunya a ciki, kuma kada wani ya zuga ka da cewa shi ya sha bi.

Ana biyan kuɗi a Coquihalla?

An daina tun 2008.

Hanyar Alaska fa, ta Amurka ce?

Sojojin Amurka suka gina ta a 1942, cikin wata takwas, saboda tsoron Japan, kuma da yawan sojojin baƙar fata ne. Amma daga Dawson Creek ta tashi, cikin wannan lardi, kuma ɓangaren da ke Kanada yana hannun Kanada tun 1946. A wannan shekara ta 1942 ne kuma gwamnati ta kwashe 'yan Kanada masu asalin Japan daga gidajensu, ta tura wasu mazansu aikin hanyar Hope zuwa Princeton. Abin yana ci mini rai ganin yadda mutane ke bin wannan hanya ta Princeton ba su san waɗanda suka zub da gumi a kanta ba.

Ashe hanyar Turawa ma tana lalacewa?

Sosai. Ambaliyar Nuwamban 2021 ta karya gadoji a Coquihalla, ta lalata wurare sama da 20. Ma'aikata suka yi dare da rana, kafin ƙarshen Disamba manyan motoci suka koma bi.