Me ya sa ƙwallon golf ɗina ba ta tafiya inda na nufa?

Duk bugun da na yi da direba (doguwar sandar bugun nesa) sai ta lanƙwasa ta yi dama, ina matsalar?

Silais ke nan, in kai badame ne. Fuskar sandar ce ke a buɗe, wato tana kallon dama, lokacin da ta haɗu da ƙwallon, sannan sandar na saukowa daga waje ta yanko ciki. Wasu sai su ƙara karkata hagu wai su rama, to ai ƙara wa kanka wahala ka yi, don yankan ne zai ƙaru. Fara da gyara riƙon sandar, ɗan'uwa. Kalli hannunka na hagu, ya kamata ka hango gaɓoɓin bayan hannu 2 ko 3, in ɗaya kake gani murɗa hannun kaɗan zuwa dama, sandar ta kwanta a yatsu ba tsakiyar tafi ba.

Da ayan (sanda mai kan ƙarfe) kuma ƙasa nake fara sara kafin ƙwallon.

Wannan ita ce babbar magana a wurina, wallahi duk wanda ya gane ta ya huta. Da ayan ƙwallo ake fara bugawa sannan ciyawa, wato ramin da sandar ke tonawa a gaban inda ƙwallon take ya kamata ya fito, ba a bayanta ba. Abin da ke faruwa shi ne nauyinka ya tsaya kan ƙafar baya, kana neman kwasar ƙwallon kamar da cokali don ta tashi, alhali kwanciyar fuskar sandar ce ke ɗaga ta, ayan mai lamba 7 ma yana da kusan digiri 30 zuwa 34, aikinsa ke nan ba naka ba. Shimfiɗa tawul kamar faɗin tafin hannu a bayan ƙwallon, ka yi ta bugu ba tare da ka taɓa shi ba. Ka gama bugun da nauyinka kan ƙafar gaba, kan bel ɗinka na kallon inda ka nufa, dugadugin baya a sama.

An ce ɗaga kai nake yi shi ya sa nake bugun saman ƙwallon.

Ni dai ban cika yarda da wannan ba. Shahararrun 'yan golf Annika Sorenstam da David Duval duk suna juya kai da wuri, kuma kowannensu ya taɓa zama na ɗaya a duniya. Abin da ke jawo bugun saman ƙwallon shi ne, jiki ne ke miƙewa ko gwiwar hannu ta naɗe. In ka danne kai da ƙarfi ma ƙugu ba zai juya ba.

Ta yaya zan san ina bugawa da tsakiyar sanda?

Fesa hodar ƙafa a fuskar, ƙwallon za ta bar tambari. In duk tambarin na can baki ko kusa da wuyan sandar, gyara nisan tsayuwarka, ka rage ƙarfi zuwa rabi sai ya dawo tsakiya, sannan ka ƙara a hankali.