Tazarar Haihuwa da Rage Zubar da Ciki a Zamfara: Tambayoyi da Amsoshi

Shin doka ba ta isa ta hana zubar da ciki ba?

Dokar final kod ta Arewa ta haramta zubar da ciki sai idan ran uwa yana cikin haɗari, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Duk da haka, cibiyar bincike ta Guttmacher ta ƙiyasta cewa an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012. Wadda ta rasa mafita kemis take zuwa a ɓoye ko ta sha jiƙe-jiƙe, sai jini ya ɓalle a kwaso ta zuwa asibiti a galabaice. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi mai da hankali kan hana ɗaukar cikin da ba a shirya masa ba.

Ba 'yan mata kaɗai abin ya shafa ba?

A'a. Akwai matar aure mai goyon ɗan wata biyar a baya, ga wani yana riƙe da zaninta, ta wayi gari da ɓatan wata alhali jikinta bai murmure ba. Kwanika tana cin uwa, tana sa a yaye jariri ba shiri, tamowa ta kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin.

Waɗanne hanyoyi ake da su?

Akwai ƙwayar sha kullum, da allurar wata uku, da ashanar da ake sawa a damtse mai aikin shekara uku ko biyar, da robar mahaifa, da kwaroron roba. Shayarwa ma tana ba da kariya, amma cikin wata shida na farko kawai, idan nono zalla jaririn yake sha kuma al'ada ba ta dawo ba. Wasu hanyoyin suna rikita al'ada, kuma wajibi ne a gaya wa mace haka tun farko, domin ɓoye mata ne yake sa ta daina, ta kuma hana maƙwabtanta.

Me addini ya ce?

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir cewa sahabbai suna yin azlu, wato zubar da maniyyi a waje lokacin saduwa, alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma a kan haka malamai da yawa suka halatta tazara idan ma'aurata sun yarda.

Mene ne babban cikas a Zamfara?

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mai da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, amma kyautar ba ta amfanar matar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta, aka rufe ɗakin shan maganin garinsu. A ganina, kai kayan zuwa sansanonin gudun hijira da zama da magidanta a majalisunsu ya fi kowace sanarwar rediyo, tunda yawancin mata ba sa zuwa asibiti sai da izinin miji.

Idan jini ya riga ya ɓalle fa?

A garzaya da ita asibiti nan take, ko ɓari ne ko wani dalili. Wankin ciki da maganin da ake ba ta a wannan hali ba laifi ba ne a doka, kuma ya kamata a tattauna tazara da ita kafin a sallame ta.