Ruɗewar tsofaffi a ɗakin kulawa ta musamman: ina matsayin melatonin?

Dattijon da jiya yake gane kowa, yau sai ya dubi ɗansa ya ce masa, "Kai ne wa?" Dare na yi ya fara fizge robar ƙarin ruwa, yana cewa ga mutane can tsaye jikin bango. Irin wannan ruɗewa mai zuwa farat ɗaya ta yawaita ga tsofaffi a ɗakin kulawa ta musamman, balle waɗanda ke kan na'urar numfashi. Ta bambanta da gigin tsufa, wanda yake shiga sannu a hankali cikin shekaru. Wani majinyacin ma ba ya hayaniya, shiru kawai yake yi yana zura ido, kuma shi ya fi damun mu, don ana ɗauka hutawa yake yi.

'Yan uwa kan tambaye mu batun melatonin. Sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, ya sanar da jiki lokacin barci. A ɗakin da fitila ba ta mutuwa, na'urori na ƙara dare da rana, wannan tsari yakan rikice, shi ya sa likitoci suka gwada bayar da shi. A wani babban bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2022, an raba majinyata sama da 800 gida biyu, ana ba rabinsu miligiram 4 kowane dare, amma ruɗewar ba ta ragu ba. Wasu ƙananan bincike sun ga ɗan amfani. Likita zai iya rubuta shi don gyara barci, sai dai ba ya kawar da tushen matsalar, wato ƙwayar cuta a jini ko mafitsara, ƙarancin iskar oksijin, zafin ciwo, ko magungunan sa barci masu ƙarfi.

Don Allah kada a sayo shi a ba majinyaci a ɓoye, domin yana iya karo da maganin tsinka jini irin su warfarin. Ku kawo masa tabaransa da na'urar jinsa, ku riƙa faɗa masa ranar da ake ciki da inda yake, a ɗaga labule da rana. Da zarar kun ga maganarsa ta canza, ku sanar da nas nan take.