Zaɓen rabin wa'adi a Amurka da fitowar masu zaɓe

Zaɓen rabin wa'adi shi ne zaɓen da ake yi a Amurka shekara biyu bayan an zaɓi shugaban ƙasa, wato a tsakiyar wa'adinsa na shekara huɗu. Ana sake zaɓen duka kujeru 435 na majalisar wakilai, da kusan kashi ɗaya cikin uku na kujeru 100 na majalisar dattawa, da gwamnoni a jihohi 36. Sunan shugaban ƙasa baya kan takardar ƙuri'a, amma kusan kullum jam'iyyarsa ce ke shan kaye.

Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne mutane basa fitowa kamar yadda suke fitowa a zaɓen shugaban ƙasa. A zaɓen shugaban ƙasa wajen kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka cancanci zaɓe ne ke kaɗa ƙuri'a, a 2020 ma har ya haura kashi 66, amma a rabin wa'adi sai ya sauko wajen kashi 40, a 2014 kuwa kashi 36 da ɗan wani abu ne kawai, rabon da a ga haka tun 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu. Kuma ba kowa ke zama a gida daidai ba. Dattijon da ya yi ritaya, yana gida ɗaya shekara talatin, rajistarsa na nan, ya san rumfarsa, zai fito ko ana ruwa. Amma matashin da ya canza gari saboda makaranta ko aiki sai ya sake rajista, ga shi ranar zaɓen Talata ce, ranar aiki, to in babu wani babban suna da ya ja shi sai ya haƙura. Masanin siyasa Angus Campbell ya yi bayanin wannan tun 1960, cewa zaɓen shugaban ƙasa na jawo tururuwar mutanen da siyasa bata cika damunsu ba, galibi su bi wanda ya ci, bayan shekara biyu kuma sai a neme su a rasa.

Shekaru da dama jam'iyyar Democrat ce abin ya fi ciwa, domin ta dogara sosai da matasa da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Obama ya ci zaɓe a 2008 da gagarumin rinjaye, 2010 na zuwa jam'iyyarsa ta rasa kujeru 63 a majalisar wakilai, haka Clinton ya rasa 54 a 1994. Magoya bayan jam'iyyar adawa kuwa haushi ke fito da su, wanda yake fushi ya fi wanda ya gamsu saurin zuwa layi. Sau uku kawai aka ga jam'iyya mai mulki ta ƙara kujeru a majalisar wakilai cikin kusan shekara ɗari: 1934, 1998, da 2002 bayan harin 11 ga Satumba.

Sai dai tun zuwan Trump lissafin ya fara juyawa. Masu digiri, waɗanda basa fashin zaɓe, da yawansu sun koma Democrat, shi kuma Trump yana jawo mutanen da sai shi ne ke takara suke fitowa. A 2018 fitowar jama'a ta kai wajen kashi 50, mafi yawa a rabin wa'adi tun 1914, matasa 'yan 18 zuwa 29 suka tashi daga kashi 20 a 2014 zuwa 36, Democrat ta ƙwace majalisar wakilai da ƙarin kujeru kusan 40. A 2022 aka yi ta hasashen Republican za ta yi wa Biden kaca-kaca, amma bayan kotun ƙoli ta soke 'yancin zubar da ciki na ƙasa baki ɗaya a watan Yuni, magoya bayan Democrat suka fito, Republican ta karɓi majalisar wakilai da ƙyar, Democrat kuma ta ƙara kujera ɗaya a majalisar dattawa, ta jihar Pennsylvania.